Mama Gaudi da Akwatin Sunayen Mujallu

Ƙarfe bakwai saura kwata daladala, ƙaramar bas ɗin haya, ke sauke ta a bakin ƙofar cibiyar bincikenmu da ke Morogoro, kuma shekara talatin da huɗu ke nan masu gadi na saita agogonsu da isowarta. Laima a hannun dama, ko ana ruwa ko ba a yi. Jakar kaba a hagu, a ciki akwai fulas ɗin shayi mai citta, mandazi biyu, irin fanken nan, a naɗe cikin takarda, da jan biro guda uku. Uku fa! Wai kada ɗaya ya ƙare ana tsakiyar aiki, na biyu kuma ya yi gardama. Sunanta na takarda Devota Mloka, amma in ka tambayi wannan suna a cibiyar sai an tsaya tunani. Kowa Mama Gaudi ya sani, da sunan 'yarta ta fari, Gaudensiya.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki, kuma ni da na yi shekara goma sha tara ina jera shafukan mujallarmu ta noma da kiwo a teburin da ke kallon nata, na rantse ba zan bari ta tafi shiru ba. Yau sai kun ji ko wace ce!

Kun san jerin nan da ke ƙarshen kowace maƙalar bincike, inda marubuci ke lissafa waɗanda ya ɗebi ilimi a wurinsu: wane ne ya rubuta, a wace mujalla, kundi na nawa, shafi na nawa? Jerin nan da kowa ke tsallakewa? To nan ne gonar Mama Gaudi. Sunayen mujallun kimiyya dogaye ne, wani sai ka ja numfashi sau biyu kafin ka kai ƙarshensa, shi ya sa ake taƙaita su. Amma ba yadda mutum ya ga dama ba. Akwai ƙa'idar da masu wannan harka a duniya suka yarda da ita, kuma ita a kanta take zaune daram. Ƙananan kalmomin haɗi a zubar da su. Kalmar da ke nufin mujalla, harafi ɗaya ne da ɗigo. Sunan da yake kalma ɗaya tak ba a taɓa shi. Ba a sauya wa kalmomi mazauni, ba a ƙirƙiro taƙaitawa da ka don kawai ta yi daɗin gani. Sai kuma wadda ta fi riƙe wa wuya: mujalla ana kiranta da sunan da take amsawa a shekarar da aka buga maƙalar, ba sunan da ta koma daga baya ba.

"Don me duk wannan wahala, Mama?" in ji masu ƙorafi.

"Don in wani a wata ƙasa ya bi sawunka, ya iske abin da ka ce yana nan," haka take ba su amsa, ko ɗago kai ba ta yi. "Adireshi ne. Kana so a rubuta maka adireshin gidan da babu?"

Sai akwatin. Kai, akwatin nan! Na katako ne, mai aljihun tebur shida, cike da katuna. Kowace mujalla da katinta. A fuska ta rubuta cikakken suna, taƙaitawarsa, shekarar da aka fara bugawa, da duk wani sauyin suna da ta taɓa yi. A bayan katin kuwa tana rubuta inda ta taɓa riƙe mujallar da hannunta, da ranar da ta riƙe. In ba ta riƙe ba, bayan katin fari fat yake zama. Ko hutu ta tafi, in ta ji akwai tsohon ɗakin karatu a garin, sai ta leƙa da 'yan katunanta a jaka. Da kwamfuta ta shigo ofis, mu duka mun yi mata dariya, har da ni, ba zan ɓoye ba. Ta koyi kwamfutar, ta fi rabinmu iyawa, amma akwatin bai gusa daga gefen teburinta ba.

Babu wanda ya kai Dokta Lugwisha Mayala tsokanarta. Likitan dabbobi ne, dogo, mai babbar murya, Basukume, ɗan ƙabilar masu kiwon shanu daga wajen tafki, ita kuwa 'yar duwatsun Luguru ce, kuma ƙabilun nan biyu abokan wasan juna ne, don haka in suka haɗu a baranda sai mu ajiye aiki mu kasa kunne.

"Mama Gaudi, yau ɗigo nawa kika kama? Ku mutanen dutse, tudu ya tare muku gani, shi ya sa kuka ƙware a ƙananan abubuwa!"

"Tafi can, makiyayi. Ku da in ba saniya ba babu abin da kuka iya ƙirgawa."

Wasa ne, amma akwai haushi a ƙarƙashinsa, don sau uku tana mayar masa da maƙala jajur da biro. Shi ya sa da ya kammala babban aikinsa, binciken shekara goma sha ɗaya a kan zazzaɓin kaska mai kashe maruƙa, bai biyo da shi ta teburinta ba. Wata babbar mujalla ta ƙasar waje ya aika wa kai tsaye. Har ya tsaya a ƙofar ofishinmu yana cewa, "Wannan karon na tsere wa jan biro!"

Wata huɗu bayan nan, wata Litinin cikin damina, ya shigo da safe ba tare da murya ta riga shi shigowa ba. Ya tsaya gaban teburinta, ya ɗan rusuna, ya ce, "Shikamoo, Mama." Gaisuwar girmamawa sak, wadda bai taɓa yi mata ba sai da zolaya. Nan take ta ajiye kofin shayinta.

"Marahaba. Zauna, ɗana. Wa ya rasu?"

"Ni ne, Mama. Ni ne na kusa."

Ya miƙa mata takarda. Ga abin da ya faru. Duk ginin bincikensa a kan wata tsohuwar maƙala ya tsaya, wadda wani likitan dabbobi ya buga a shekarar 1957. Mai tantancewa na mujallar waje ya je neman ta bai same ta ba. Ya ce mujallar da Dokta ya ambata ba a ma fara buga ta ba a 1957, kuma da ya buɗe kundi na tara, shafi na arba'in da ɗaya, abincin kaji ya tarar. Sai suka rubuto wa shugaban cibiyarmu, Farfesa Urassa, cewa suna zargin an ƙirƙiri hujjar ƙarya. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Juma'a ƙarfe goma. In zargin ya tabbata, aiki ya tafi, suna ya ɓaci, kuma babu mujallar da za ta ƙara karɓar ko layi ɗaya daga hannunsa.

"Ka taɓa ganin maƙalar da idonka?" ta tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. "Malamina, Allah ya ji ƙansa, shi ya kwafe ta da hannu a littafinsa, ya bar mini. Sunan mujallar da ya rubuta tsoho ne, na nema ban ga ana amfani da shi ba, sai aka ce mini ai ta sauya suna. Sai na sa sabon, don a gane."

"Don a gane!" Mama Gaudi ta tafa hannu. "Ka ɗauki yarinya ka kira ta da sunan da za ta samu bayan ta haihu, sannan kana mamaki an ce ba a san ta ba? Haba, Lugwisha!"

Ta jawo aljihu na huɗu. Ina kallo, wallahi yatsunta ba su yi minti ɗaya suna tafiya a kan katunan ba ta zaro ɗaya, ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Ta karanta masa: an fara ta 1949 da tsohon suna, ta sauya suna 1964, kuma da ta sauya sai aka koma ƙirga kundi daga ɗaya. Kundi na tara guda biyu ne ke nan, na 1957 da na 1972. Na kajin shi ne na biyu.

Dokta ya miƙe zumbur. "Shi ke nan! Mu kai wa Farfesa katin!"

"Zauna. Kati na nuna mujallar ta wanzu, bai nuna maƙalarka na ciki ba. In malaminka ne ya yi kuskure fa? Sai mun riƙe ta."

Muka ruga ɗakin karatunmu mu uku. Tsofaffin kundayen mujallar suna nan, amma daga na shida sai na goma sha ɗaya, gara ta cinye na tsakiya tun kafin a ɗauke ni aiki. A intanet kuwa babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton tsofaffin. Na ga gumi ya keto wa Dokta duk da sanyin ruwan da ake yi. Ita kuwa sai ta juya bayan katin. Ga rubutunta, ɗan siriri: ta riƙe a tsohuwar tashar binciken dabbobi da ke bayan Kilosa, watan Yuli, 1993.

"Shekara talatin da ɗaya, Mama," in ji shi a sanyaye. "Ƙila ma rufin ya faɗa musu."

"Ƙila. Sai mun je za mu sani. Ka nemo takalmin ruwa, makiyayi."

Ranar Talata duk ta ƙare a neman mai riƙe da makullin tashar ta waya, ba a same shi ba. Ranar Laraba da sassafe suka kama hanya. Abin da ya biyo baya daga bakin Dokta na ji shi, kuma ya faɗa mini ya fi sau goma, kowane karo sai ya miƙe tsaye. Bas ta kai su Kilosa, daga nan kuwa mota ba ta shiga saboda laka, sai babur. Ku hango mini Mama Gaudi, mai shekara sittin da ciwon gwiwa, a bayan babur, ta ɗaure zane a ƙugu, ta rungume jakar kaba, laima a buɗe, tana yi wa mai babur faɗa ya bi a hankali, ba buhun masara ya ɗauko ba! Sau biyu suna sauka su taka da ƙafa. A wani rafi ruwa ya tafi da takalminta ɗaya, ta ce a bar shi, dama ya tsufa.

Da azahar suka isa. Mai makullin, wani dattijo da ake kira Mzee Chiduo, yana gonarsa ta rogo, aka kira shi. Ya dube ta, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya. "Ai na gane ki! Ke ce mai katuna! Tun zuwanki babu wanda ya ƙara tambayata ɗakin can."

Ƙofa ta buɗe da ƙyar. Warin jemage, yanar gizo, kantoci har rufi. Dokta ya bazama yana neman sabon suna, ita kuwa ta nufi lungun da tsohon suna ya kamata ya kasance. Ga su nan jere, masu koren bango. Ta bi su da yatsa tana ƙirgawa a fili: biyar, shida, bakwai, takwas, goma.

Babu tara.

Dokta ya zauna daɓas a kan wani akwati, ya rufe fuska da tafukansa. Ya ce a lokacin 'ya'yansa ya tuna, da yadda zai dube su ya ce an kori ubansu don ƙarya. Mzee Chiduo ya shiga ba shi haƙuri. Mama Gaudi kuwa ta koma kan kundayen. Ta zaro na bakwai ta auna shi a tafin hannu, ta mayar. Ta zaro na takwas ta auna. Sai ta yi murmushi.

"Tashi, makiyayi, riƙe wannan. Ba ka ji ya yi nauyin biyu ba? Masu ɗaurin littafi na da, in shekara ta zo da sirara, haɗa biyu suke yi a bango ɗaya, su buga lambar na farko kaɗai a baya."

Ta buɗe daga tsakiya. Kundi na tara, 1957! Ta lashi yatsa ta shiga juyawa, talatin da takwas, talatin da tara, arba'in. Shafi na arba'in da ɗaya: ga sunan likitan, ga kan maganar, ga jadawalin maruƙan, daidai da yadda marigayi malaminsa ya kwafe. Dokta ya kurma ihun da ya tashi jemagu, ya ɗaga Mzee Chiduo sama cak, dattijon na cewa, "Sauke ni, ɗan nan, ba ni na samo ba!" Ya juyo zai rungume ta, ta ɗaga masa hannu, don ba ta gama karantawa ba. Sai da ta kai ƙarshen maƙalar tsaf, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"A shafi na arba'in da takwas ta ƙare. Kai arba'in da shida ka rubuta. Gyara."

Ita ke nan fa! Ana tsakiyar murna, ita shafi biyu ne suka tsaya mata.

Mzee Chiduo ya ce littafi ba ya fita daga tashar. Suka roƙa. Sai ya dubi Mama Gaudi ya ce, "Wannan dogon ban san shi ba, ba zan ba shi ba. Ke kuwa na san yadda kike riƙe littafi." Ta kwance zanen da ke ƙugunta ta naɗe kundin, ta sa a leda, ta sa a jaka, kuma duk hanyar dawowa laimar a kan jakar take, ita ruwa na dukanta.

Ranar Juma'a ƙarfe goma, mutum biyar na kwamiti sun zauna fuska a murtuke. Aka ce ma'aikaciyar ofishin mujalla na neman izinin shiga. Ta shigo tana ɗingishi, mura ta kama ta, ta ajiye kati da kundi a gaban Farfesa Urassa, ta buɗe masa shafin, ta yi bayanin suna biyu da kundi na tara biyu cikin jimlolin da ba su wuce biyar ba. Farfesa ya karanta, ya miƙa wa na kusa da shi, littafi ya zagaye tebur. Da ya dawo hannunsa sai ya cire tabarau ya ce, "Dokta Mayala, ƙarya dai ba ka yi ba. Sakaci ka yi, kuma ka gode wa Allah da ya ajiye maka wannan baiwar tasa a cibiyar nan." Mu da muka yi cirko-cirko a baranda muna jira, da muka ga fuskarsa ya fito, ai sai guɗa da tafi, har masu shara suka taho da gudu suna tambayar wa ya haihu. Aka aika wa mujallar waje hotunan shafukan, suka janye zargin, suka nemi afuwa. Mako biyu bayan nan Mama Gaudi ta sake hawa babur ta mayar wa Mzee Chiduo littafinsa da hannunta.

Mama, ke ce kika yi shekara talatin da huɗu kina gyara wa mutane adireshin iliminsu suna yi miki tsaki. Ke ce ɗalibai ke ɓuya in sun hango, sannan su dawo bayan shekaru su ce da ba don ke ba. Mai jan biro uku, mai kati da baya! Farfesoshi nawa suka hau mumbari da maƙalun da kika wanke musu, ba wanda ya ambace ki? Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Ni dai abin yana ci mini rai.

Shi ya sa abin da ya faru a walimar sallamarta ya wanke mini zuciya. An ci shinkafar pilau, an sha lemo, mata sun yafa mata sababbin zannuwa har ta kusa ɓacewa a ciki. Sai Dokta Mayala ya miƙe da wata mujalla sabuwa fil a hannu, maƙalarsa ta fito. Ya rusuna ya miƙa mata. Kun san abin da ta yi? Ko kan maganar ba ta kalla ba. Ta juya kai tsaye zuwa jerin ƙarshe, ta laluba jaka ta zaro jan biro! Hamsin da biyu ne a jerin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, Dokta na tsaye kamar ɗalibi gaban allo, pilau na hucewa a faranti. Da ta kai ƙarshe ta mayar wa biron murfinsa.

"Babu kuskure," in ji ta. "Ashe makiyayi na koyo."

Zauren ya ɗauka da sowa. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Mama, akwai inda kika tsallake. Duba saman jerin."

Ta ɗaga ido kaɗan. Sakin layin godiya ne, gajere. Ta fara karantawa a fili, muryarta ta tsaya a tsakiya, sai Gaudensiya ta karɓa ta ƙarasa mata: marubucin na godiya ga wadda ta nemo masa hujjarsa ta kuma tsare masa sunansa, Devota Anastaziya Mloka.

"Na ce musu kada su kuskura su taƙaita ko harafi ɗaya," in ji Dokta, idonsa ya kawo ruwa. "Wannan sunan a cike za a buga shi."

Shekara talatin da huɗu dubban sunaye na wucewa ta ƙarƙashin bironta, wannan ne karo na farko da ta ga nata a cikin mujalla. Ta zauna a hankali, ta ɗora yatsa a kan layin, ta ja bakin sabon zane ta rufe fuskarta. Na ga Farfesa Urassa ma yana neman hankici.

Mun gode, Mama Gaudi. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki a gidanki na gindin dutse. Ku kuma masu bincike, da ɗalibai, da duk mai ɗora alƙalami a takarda ya ce wane ya faɗa a wuri kaza, don Allah ku yi koyi da ita: ku je wurin, ku buɗe shafin, ku gani da idonku kafin ku rubuta. Akwatinta yana nan a ofishinmu, ta bar mana shi. Da na buɗe aljihun farko ranar Litinin, sai na tarar da damin sababbin katuna da ba a rubuta komai a kansu ba, da jan biro guda uku a kai.